Saƙon Da Aka Goge Ya Ƙi Tafiya

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne a bakin kowa. Mutum ya zauna gaban kwamfuta ya yi wa akwatin imel ɗinsa shara, ya kwashe tallace-tallace da tsofaffin sanarwar banki da gayyatar tarukan da tuni aka watse. Can da yamma ya ɗauko waya, sai ga su nan reras, kamar ba a taɓa su ba. Wani kuma tasa a juye take: ya goge a waya, ya kwana ya tashi saƙon ya koma mazauninsa. Daga nan sai a shiga rabon laifi. Wannan ya ce sabis ne, wancan ya ce wayar ce ta tsufa, mai gyara a bakin kasuwa kuma ya ce a kawo ya wanke ta gaba ɗaya. A mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace. Kowace na'ura tana yin abin da aka saita ta ta yi, ba a dai saita su a kan magana ɗaya ba ne.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne waya da kwamfuta ba sa magana da juna, ko da suna kan tebur ɗaya. Kowace da sabar take magana, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da akwatin, ta Google ce ko ta Microsoft ko ta Yahoo ko ta kamfanin da ma'aikata ta kama hayar wurin ajiya a wajensa. In ka danna alamar kwandon shara, buƙata kawai ka aika. Tana iya maƙalewa a hanya. Tana iya isa, sabar ta fahimce ta daban da nufinka. Tana iya isa a aiwatar da ita, amma ɗaya na'urar ba ta je ta tambayi labari ba. Akwai gwaji guda da ke raba waɗannan cikin minti biyu: ka buɗe burauza, ka shiga akwatin ta shafin kamfanin kai tsaye, ka nemi saƙon. Abin da ka gani a nan shi ne abin da sabar ta sani. In saƙon yana nan daram a akwatin shiga, na'urar da ta goge ce ke da matsala, kuma ɓata lokaci ne a tsaya tonon saitin wayar da ke nuna shi, domin gaskiya ta faɗa. In kuwa ya koma kwandon shara, to wadda ke nuna shi ce labari bai iske ba. Wannan mataki shi aka fi tsallakewa, shi ya sa ake wuni ana yi wa na'ura mai lafiya magani.

Asalin rikicin ya girmi wayar hannu. A 1984 Joyce Reynolds ta wallafa ƙa'idar farko ta POP, hanyar da kwamfuta za ta bi ta ɗebo saƙonni daga sabar. Fasali na uku, POP3, ya fito a 1988, kuma rubutun da ake aiki da shi har yau na 1996 ne. An tsara shi don zamanin da mutum ke da kwamfuta ɗaya tal, layin intanet ana biyansa da minti, sabar kuma ba ta da wurin ajiya mai yawa. Aikinsa irin na mai akwati a gidan waya ne: ka je da mabuɗi, ka kwashe wasiƙunka, ka dawo gida. Ka yaga su ne ko ka adana, gidan waya bai sani ba, ba kuma hanyar da zai sani. POP bai san folda ba, bai san wanne aka karanta ba, bai san kwandon shara ba.

Da mutane suka fara mallakar na'ura biyu, sai masu manhajoji suka yi wa abin faci: zaɓin barin kwafi a sabar. Da shi kowace na'ura za ta iya zuwa ta ɗauki nata kwafin, kuma daga lokacin da ta ɗauka kwafin ya zama nata ita kaɗai. Mai na'ura uku yana da saƙo huɗu ke nan, uku a hannu, ɗaya a sabar. Outlook yana ba da zaɓin a cire na sabar bayan kwana 14, ko a cire shi in an zubar da kwandon shara. Manhajar Mail ta iPhone tana da makamancinsa: kada a cire, a cire bayan kwana bakwai, ko a cire da zarar ya bar akwatin shiga. Duk waɗannan iyakarsu sabar. Babu wanda zai miƙa hannu cikin wata na'ura ya ɗauke kwafin da ta riga ta sauke. Don haka wanda ke kan POP yana neman saitin da zai sa gogewa ta bi duk na'urorinsa, yana neman abin da ba a gina ba.

POP yana da wasu ɗabi'u biyu da ke bayyana saƙon da ya mutu ya taso. Ta farko, in manhaja ta ba da umarnin gogewa, sabar alama kawai take yi. Ba ta cirewa sai an rufe zaman da sallama yadda ƙa'ida ta tanada. In layi ya tsinke kafin sallamar, an fasa. Duk wanda ya san yadda sabis ke ɗaukewa a tsakiyar aiki a garuruwanmu ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ta biyu, manhaja tana riƙe da jerin lambobin saƙonnin da ta taɓa saukewa don kada ta maimaita. In jerin ya ɓata, ko aka sake girka manhajar, ko kamfani ya yi wa akwatin ƙaura zuwa sabuwar sabar, sai ta ga komai sabo, ta kwaso saƙonnin shekaru da aka bari a can har da waɗanda ka goge tun tuni.

Gane wanda kake kai ba wuya. Duba saitin sabar mai kawo saƙo: in sunanta ya fara da pop, ko lambar mashiga 995 ce ko 110, POP ne. In 993 ce ko 143, IMAP ne. A duba kowace na'ura, ba ɗaya ba, domin guda mai POP a cikin huɗu ta isa ta hargitsa sauran. Tsohuwar kwamfutar ofis da ba a sa mata barin kwafi ba za ta riƙa share akwatin shiga duk safiya, mai waya ya ga saƙonni suna ɓacewa bai taɓa su ba.

IMAP kuwa Mark Crispin ne ya ƙirƙiro shi a Jami'ar Stanford a 1986, da tunani kishiyar na POP: saƙo ya zauna a sabar, na'ura ta leƙa kawai. Fasalin da aka fi yayi shi ne wanda aka daidaita a 2003, an kuma fitar da sabo a 2021. IMAP ne amsar da ake ba kowa, kuma amsa ce ta gaskiya. Sai dai waɗanda ke cewa "koma IMAP, shi ke nan" ba su cika faɗin cewa gogewa a IMAP hawa biyu ce ba. Da farko a liƙa wa saƙon alamar gogewa. Yana nan a foldarsa, bai motsa ba. Sai an ba da umarni na biyu, wanda ake kira EXPUNGE, sannan sabar ta kwashe duk masu alamar. Tsakanin hawan biyu kowace manhaja tana da 'yancin yin yadda ta ga dama: wata ta ɓoye saƙon, wata ta ja masa layi a tsakiya, wata ta nuna shi kamar ba abin da ya faru. Ga mai kallo, kwamfuta ta goge waya ta ƙi. A zahiri kwamfutar ce ta yi rabin aiki ta ɓoye sauran.

Wannan ba kuskure ba ne a wurin Crispin, dama ce ya bari don mutum ya iya fasawa kafin aikin gama ya gama. Kwandon shara ma ba ya cikin ainihin ƙa'idar, manhajoji ne suka ƙirƙiro shi daga baya. Shekaru da dama, kai saƙo kwandon shara na nufin aiki uku a jere: a kwafa shi can, a yi wa na asali alama, a kwashe. Sai a 2013 aka ƙara umarnin da ke ɗauke saƙo daga folda zuwa folda a tashi ɗaya, kuma tsofaffin manhajoji da sabar da ba a sabunta ba har yanzu tsohuwar hanyar suke bi. In layi ya yanke bayan aiki na farko, saƙon ya zama biyu. In akwatin ya cika maƙil, a wasu sabar kwafar ma ba ta yiwuwa, sai mutum ya rasa yadda zai goge saƙo don akwati ya cika, alhali gogewar ce za ta samar da wuri. Maganin wannan shi ne a shiga ta burauza a fara zubar da kwandon shara.

A manhajar imel ta Thunderbird, cikin saitin sabar, akwai zaɓi uku game da saƙon da aka goge: a kai shi wata folda, a yi masa alama kawai, ko a cire nan take, akwai kuma zaɓin kwashe masu alama duk lokacin da aka rufe manhajar. Outlook na kwamfuta yana da nasa: a yi alama ba tare da cirewa ba, da kuma a kwashe in an sauya folda. Wanda ya samu zaɓin alama kawai a kunne, ya gano ɓarawonsa.

Sai batun kwanduna. Da yake ƙa'ida ba ta ambaci kwandon shara ba, kowane kamfani ya raɗa wa nasa suna. Na Outlook "Deleted Items", na Apple "Deleted Messages", na Thunderbird da yawancin shafukan burauza "Trash". A akwatunan makarantu da ƙungiyoyi da ƙananan kamfanoni, waɗanda ke zaune a sabar haya, abu ne da aka saba gani a tarar da ukun a jere, kowace na'ura tana zuba shara a nata. An fitar da ƙarin ƙa'ida a 2011 da ke ba sabar damar cewa ga kwandon gaskiya, amma asusun da aka saita kafin nan, ko da manhajar da ba ta saurare, yana nan yadda yake. Mafi muni shi ne manhajar ta ajiye kwandonta a cikin na'urar, ba a sabar ba. Gyaran na hannu ne: a zaɓi folda ɗaya da ke sabar, a bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya a nuna musu ita.

Gmail kuma nasa daban ne, kuma da yake shi ne a wayar kusan kowa, ya cancanci a tsaya a kansa. Tun fitowarsa a 2004 ba shi da folda. Duk saƙo ɗaya ne a rumbu ɗaya, wanda ake kira "All Mail", sai a manna masa tambari. Akwatin shiga kansa tambari ne. Da Google ya buɗe ƙofar IMAP a 2007, sai ya riƙa nuna wa manhajoji tambarin a matsayin folda, kuma a nan gizo ke saƙa. In manhaja ta ce a cire saƙo daga akwatin shiga, abin da Gmail ke ji shi ne a ɓamɓare masa tambarin akwatin shiga. Saƙon yana nan a rumbu. Zai fito in an yi bincike, zai fito a duk na'urar da ke nuna rumbun, zai kuma ci gaba da cin rabonsa a cikin gigabait 15 da Gmail da Drive da Photos ke rabawa. A saitin Gmail na burauza, a sashen POP da IMAP, akwai tambayar abin da za a yi da saƙon da manhaja ta kwashe daga foldarsa ta ƙarshe: a taskance shi, a kai shi kwandon shara, ko a halaka shi nan take. Da taskancewa yake zuwa. A ganina Google ya zaɓi ɓangaren da ya fi sauƙin gyarawa, domin saƙon da aka taskance bisa kuskure ana samunsa, amma ya bar mutane da yawa suna zaton sun yi shara alhali ƙarƙashin gado suka tura ta.

Haka abin yake a wayar hannu. Jan saƙo gefe da yatsa a manhajar Gmail taskancewa yake yi, sai in an sauya. A Mail ta iPhone ma, asusun Gmail yakan zo da taskancewa a madadin gogewa, kuma ana sauya shi a cikin saitin asusun, inda aka tambayi ina za a kai saƙon da aka yar. Ƙari a kan haka, shafin Gmail yana ɗaure saƙo da amsoshinsa a dami ɗaya, in ka goge duka suka tafi, alhali wata manhajar guda ɗaya za ta ɗauke ta bar sauran. Wanda ya dage sai POP da Gmail a na'ura fiye da ɗaya kuma zai ci karo da wani abu: Gmail sau ɗaya yake miƙa kowane saƙo ta POP, sai in an rubuta recent: a gaban adireshin, sannan ya ba kowace na'ura na kwana 30 da suka wuce. Wahala ce da ba ta da lada.

In gwajin burauza ya nuna sabar ta yi aikinta, to saura na'urar da ba ta ji ba. IMAP yana da hanyar da manhaja za ta bar layi a buɗe sabar ta riƙa sanar da ita sauyi, an ƙara ta a 1997. Folda ɗaya take gadi a lokaci guda, kuma dole a sabunta ta kafin minti 30 ko sabar ta rufe layin. Barin layi a buɗe yana cin batir, wayoyi kuwa batir suke karewa. Android ta shigo da tsarin sa waya barci a 2015, sannan mai tsimin data a 2016, kamfanonin waya da dama kuma suna ɗora nasu mai kashe manhajojin bayan fage a kai. Mu kanmu muna taimakawa: ana kashe daidaitawa ta kai-tsaye don data ta kai ƙarshen wata, ana barin waya a yanayin tsimin batir wuni guda don ba a san yaushe wuta za ta dawo ba. Dukansu hikima ce, amma farashinsu shi ne akwatin waya ya zama hoton jiya. A duba cewa daidaitawa tana kunne a saitin asusun, a cire manhajar imel daga jerin waɗanda aka takura wa batir da data, sannan a ja allon ƙasa a ga ko saƙon zai tafi.

A iPhone, asusun Gmail na kyauta a manhajar Mail ba ya samun sanarwa nan take. Tun 2013 Google ya rufe wa sababbin na'urori wannan hanya. Manhajar ce ke zuwa tambaya, duk minti 15 ko 30 ko awa guda, ko sai an buɗe ta. Jinkirin rabin awa a nan ba cuta ba ce.

Akwai kuma na'urar da aka rufe wa ƙofa ba ta faɗa ba, ko ta faɗa a ƙasan allo inda ba mai dubawa. Daga 30 ga Mayu 2022 Google ya daina barin manhajojin waje su shiga asusun mutane da suna da kalmar sirri kawai. Microsoft ya yi haka ga Outlook.com da Hotmail a Satumba 2024. Tsohon Outlook a kwamfutar ofis zai ci gaba da buɗewa, ya nuna tsofaffin saƙonni, ya karɓi gogewa ba musu, amma duk a cikinsa abin ke tsayawa. Haka in an sauya kalmar sirri aka manta da wata na'ura, ko aka danna yanayin aiki ba intanet bisa kuskure, ko agogon na'urar ya karkace har ta kasa amincewa da takardar shaidar sabar. Alamar duka ɗaya ce: sabon saƙo ma ba ya shigowa. Ka aika wa kanka saƙo ka gani. Gmail kuma layi 15 kawai yake bari a buɗe a lokaci guda ga asusu ɗaya, Thunderbird shi kaɗai yakan riƙe biyar. Ofishin da ma'aikata shida ke tarayya a adireshi ɗaya zai iya cike wannan adadi kafin azahar.

Sai bayan an gama da waɗannan ake zargin kwafin wucin gadi da manhaja ke ajiyewa, domin yakan lalace. Thunderbird yana da maɓallin gyaran folda a cikin bayanan kowace folda. A waya, cire asusun a mayar shi ke sa a sake sauke komai. Wannan shi ne maganin da aka fi saurin bayarwa, shi ne kuma mafi haɗari, don garin neman gira ana rasa ido. In asusun POP ne kuma ba a bar kwafi a sabar ba, abin da ke cikin na'urar shi ne kaɗai ya rage a duniya. Cire asusun a waya yana tafiya da shi. Ko a IMAP, Outlook yakan riƙe wasu foldoji da ya yi wa laƙabin na wannan kwamfuta kaɗai, galibi lambobin mutane da kalanda, a cikin fayil ɗin da mutane ke gogewa don a sake ginawa. Kafin a taɓa komai a fitar da kwafi. Mai ƙaura daga POP zuwa IMAP kada ya rushe tsohon asusu tukuna: ya ƙara sabon a gefensa, ya ja tsofaffin saƙonni zuwa foldojin sabar kaɗan-kaɗan, ya tabbatar ta burauza sun isa, sannan ya cire tsohon.

Wani abin da ake kai wa masu gyara ba shi da gyara ko kaɗan. In an saita akwatin aiki ya riƙa tura kwafi zuwa Gmail na kai, akwati biyu ne daban, gogewa a ɗaya ba ta shafi ɗaya ba.

Ranar da komai ya daidaita kuma, sai a san da cewa kuskure ma yana bin layi. Yaro ya ɗauki waya ya ja saƙonni hamsin, cikin daƙiƙu sun bar kwamfutar ofis. Saitin Mail na iPhone da ke zubar da kwandon shara bayan kwana ɗaya ko mako guda, in kwandon na sabar ne, na kowa yake zubarwa. Wa'adin ceto ya bambanta: Gmail yana riƙe shara kwana 30, Yahoo kwana 7 kacal. A asusun ma'aikata na Microsoft 365, abin da aka zubar daga kwando yana nan kwana 14 a wata ɓoyayyar ma'ajiya, mai kula da tsarin yana iya tsawaita shi zuwa 30. A Google Workspace mai kula yana da ƙarin kwana 25 bayan shara ta tafi. Mai Gmail na kyauta ba shi da mai kula da zai roƙa. Abin da yake da shi shi ne Google Takeout, wanda ke tattara dukan akwatin a fayil nau'in MBOX da Thunderbird ke iya buɗewa, a ajiye shi a faifan da ba ya haɗe da asusun.